Gishiri a Tafkin Gidan Gazi

Duk Hetalkhali babu harshen da bai san ɗanɗanon tafkin gidan Gazi ba. Ƙauye ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, amma ruwan da ba ya shayuwa. Kogin gishiri ne, rijiyar da duk aka haƙa gishiri ce, ƙasar ma in rani ya yi nisa sai ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa mata gari. Tafki ɗaya ne a wannan ɓangaren yake riƙe ruwan sama daga damina zuwa damina bai sauya ba, shi ne na bayan ɗakin tsoho Jobbar Gazi. Da shi ake dafa shinkafa, da shi ake shayar da jarirai. Ba a wanka a ciki, ba a wanki, agwagwa ma in ta kuskura ta sauka sai ta sha jifa.

Tsakanin tafkin da kogi ganuwar laka ce kawai, wadda ba ta fi tsayin mutum ba. Bayan ganuwar, a cikin taɓon da ruwa ke hawa yana sauka kullum, akwai duhuwar itatuwan kewra da golpata, mai ganyen da ake rufin ɗaki da shi. Uban Jobbar ne ya dasa na farko, sauran suka haifi kansu. Saiwoyin kewra sama suke tsirowa, sun cika taɓon tsaye cirko-cirko kamar turaku, ƙaguwa na yawo a tsakaninsu.

Jharna, matar ɗansa Sobhan, ba ta taɓa son duhuwar nan ba. 'Yar tudu ce, daga can wajen Jessore aka auro ta, inda ƙasa ke zama inda aka bar ta. Sobhan rabin shekara yake yi a wajen gasa bulo, don haka gidan su uku ne: ita, da tsohon, da 'yarta Tuni wadda ba ta daɗe da iya gudu ba. Kamar kowace uwa a ƙasar ruwa, Jharna ta ɗaura wa yarinyar 'yar ƙararrawa a ƙugu da baƙin zare. Ko tana tsince shinkafa, ko tana hura wuta, kunnenta ɗaya na kan ƙararrawar nan. In ƙarar ta nufi tafki sai ta ƙwala kira, in ta nufi ɗaki sai ta ci gaba da aikinta.

Wata safiya bayan ɗaukewar damina, tana kankare kwakwa, sai ta ji shiru. Ta ajiye kwakwar. Ta duba tafki tukuna, babu kowa, ruwan kwance lumui. Da ta ɗaga kai sai ta hango Tuni a saman ganuwa, a tsugune, ta ƙura wa wani abu ido. Gamsheƙa ce, baƙa wuluk, tana saukowa daga ganuwar zuwa cikin golpata, tsakaninta da ƙafar yarinyar bai kai kamu biyu ba. Ba ta fasa kai ba, ba ta ko waiwayo ba, ta sulale ta shige.

Jharna ba ta san lokacin da ta hau ganuwar ba. Ta fizgo yarinyar, ta tuɓe ta tana dudduba ƙafafu da hannaye, Tuni kuwa sai dariya take tana nuna duhuwar tana cewa, "Igiya! Igiya!"

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Tana da ƙane, Milon, wanda maciji ya sara a ciyawar bayan gidansu tun tana ƙarama, kafin a kai shi gari ya cika. Tun daga ranar uwarsu ba ta sake barin ko tsiro ɗaya kusa da gida ba. A garinsu kowa ya san wannan: gidan da ke da yaro ba ya maƙwabtaka da duhuwa.

Ta sami tsohon a inuwa yana gyaran raga, bakinsa jawur da ganyen pan da yake taunawa kamar goro.

"Abba, a sare dajin nan."

"Wane daji, Bouma?" Haka yake kiranta, wato matar ɗa, tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Na bayan ganuwa. Duka."

Ya ajiye ragar. "Wannan ai ba daji ba ne, 'yata. Garkuwar tafki ce. Ruwa in ya taso da fushinsa su yake fara dukan, kafin ya iso ganuwa ya gaji. Saiwoyin nan kuma su ke riƙe da lakar."

"Su ke riƙe da macizai kuma."

"Wucewa take yi. Akwai tsohuwar guza a gindin golpata, ƙwan maciji shi ne abincinta. Ni a nan na girma, uban Tuni a nan ya girma, ba wanda ya samu ko ƙwarzane."

"Milon ma a gidanmu yake girma, Abba, har ranar da ya daina."

Tsohon ya ce zai yi shingen gora a saman ganuwa. Ta ce maciji ba ya neman izinin shinge. Ya ce to a rage na kusa. Ta ce wanda ya rage fa, na wa ne?

Da yamma mata suka zo ɗiban ruwa, labari ya riga ya zaga. Sokhina, matar maƙwabcinsu, mai bakin da ba ya rufuwa, ta dire tulunta ta kama ƙugu.

"Ke 'yar tudu! Maciji ɗaya ne ya sa kika rame tun safe? Mu da damisa ke iyo ta ƙetaro ta yi mana sallama?"

"Bhabi, ki bar wasa. A gaban idona fa," in ji Jharna. Bhabi ake ce wa matar wa, ko ta maƙwabci.

"To ki ɗaure ta a ƙafar gado mana, kamar yadda na yi wa nawa. Ga su can, sun zama ƙatti, sun cinye ni da rai."

"'Yata ba akuya ba ce."

"Au, nawa ne awaki? Kun ji ta ko? Wallahi gaskiyarki, har gemu sun fara."

Aka yi dariya, Jharna ba ta yi ba. Ta kira Sobhan a waya, ya ce ta bi maganar Abba. Ta yi kuka, ya ce to ta yi yadda ta ga ya dace, shi bulo na jiransa. Da ta ga babu mai tsaya mata, sai ta ɗauko babban zane ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, ta fara jera kayanta da na Tuni. Ba barazana take yi ba, har ga Allah tafiya za ta yi gidan ubanta, ta zauna har yarinyar ta yi wayo.

Jobbar ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi 'yan rigunan jikarsa a ninke, ya dubi yarinyar da ta riƙe masa yatsa tana jan sa ya zo ya ga wani kwaɗo. Ya juya ya fita. Jim kaɗan Jharna ta jiyo ƙarar wasa adda a kan dutse.

Shi da kansa ya sare, da maza biyu da suka taya shi don a ba su itacen. Suna jiran ruwa ya sauka su shiga taɓo har gwiwa. Kewra ta dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, itacen da 'ya'yansa masu tsami Jharna ta koyi dafawa da ƙananan jatan lande har ta fi matan garin iyawa. Balbelu suka tashi suna kewaya sama, sun rasa inda za su sauka. Da aka zo kan golpata, guzar ta fito, doguwa kamar mutum a kwance, ta tsaya tana zaro harshe, sannan ta ja jiki a hankali ta faɗa kogi.

Da ya rage layin ƙarshe na bakin ruwa, tsohon ya ɗago, laka har gemunsa.

"Bouma, a bar wannan. Layi ɗaya tak. Yana nesa da gida."

Ta dube shi, ta ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ta kusa cewa to. Sai ƙararrawar Tuni ta yi ƙara a bayanta.

"Layi ɗaya ma maciji na shiga, Abba."

Ya sunkuya ya sare.

Gaskiya ita ce, ta ji daɗin shekarar. Daga bakin murhu tana hango kogi har ƙetare. Iska na shigowa, sauro ya ragu, Tuni na gudu a fili ba inda za ta ɓace wa ido. Sokhina ma ta ce gidan ya yi fes kamar na 'yan birni. Da Sobhan ya dawo ya tsaya a kan ganuwa ya daɗe yana kallon kututturan.

"Maman Tuni, Abba ne ya sare da hannunsa?"

"Shi ne."

Ya sosa ƙeya, ya shiga ɗaki. Damina ta zo ta wuce, tafki ya cika fal, ruwan garau kamar kullum. Jharna ta ce a ranta, tsofaffi da tsoro.

A rani na biyu ne abubuwa suka fara nuna kansu, kuma ita ta fara gani, domin mace ce mai lura. Saiwoyin nan masu kama da turaku sun mutu, in ta taka sai su marmashe. Taɓon da ke riƙe a tsakaninsu ya fara bin ruwa. Duk jirgin inji da ya wuce, igiyar ruwansa kai tsaye take zuwa ta mari gindin ganuwa, ta koma da ɗan abin da ta samu. Ƙaguwa da suka rasa gida suka koma haƙa ramukansu a jikin ganuwar. Ɓeraye suka yi yawa, tunda babu guza. Wata rana ta ɗaga buhun shinkafa a ɗakin girki ta tarar da saɓar maciji a nannaɗe, sabuwa, taku kaɗan daga tabarmar da Tuni ke barcin rana. Ya biyo ɓera ne har cikin gida. Ta tsaya riƙe da abin. Gudun gara ta yi, ga ta a gidan zago. Ta cusa saɓar a murhu, ba ta gaya wa kowa ba.

Daga ranar ta shiga yaƙi da kogi. Da ruwa ya sauka sai ta ɗaure sarinta, dogon zanen jikinta, a ƙugu, ta ɗauki kwando, ta ɗebo laka ta liƙe ramuka, ta daddanna da tafin ƙafa. Ta cika buhuna ta jera. Ta kafa gora. Ruwa ya hau ya lashe aikin, ya sauka ta sake. Ba a daɗe ba ta ga tsohon ya fito da nasa kwandon. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa cewa ai na gaya miki ba. Da ma ya faɗa. Da ya yi mata faɗa ko sau ɗaya, da ta sami abin riƙewa ta yi fushi da shi. Sai dai ya ce, "Nan ma akwai rami, Bouma," ta ce, "Na gani, Abba."

Ranar da abin ya faru, ƙarshen bazara ne, wata ya cika, lokacin da ruwa ke hawan da ya fi na kullum. Iskar kudu ta yi kwanaki tana tura teku cikin kogi. Ba guguwa ba ce, ba a ma yi shela ba, irin iskar da a shekarun baya kewra ke shanyewa mutanen gida na cin abincinsu. Rana tsaka ruwa ya kai wuyan ganuwa. Jharna ta ɗaure Tuni a ƙafar gado, abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba, ta fita da gudu. Mata suka fito da kwanduna ba wanda ya kira su, don tafkin nasu ne su ma. Sokhina na gaba, tana zuba laka tana zagin kogi.

"Ɗan banza maras kunya! Duk faɗin duniya bai ishe ka ba sai ɗan ruwan shanmu? Ke Jharna, miƙo buhun can, kin tsaya kamar amarya!"

Suna ta ƙara wa ganuwar tsayi, ashe ba ta sama zai shigo ba. Jharna ta ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafarta. Wani siririn ruwa ya ɓullo ta cikin ramin ƙaguwa a gefen tafki, ya zama biyu, ya zama kaurin cinya. Tsohon ya daka tsawa kowa ya sauka. Ganuwar ta zauna a hankali kamar raƙumi mai durƙusawa, kogi ya bi ta kanta ya shiga, ruwan toka-toka yana tura ruwan garau gaba har ya haɗiye shi.

Ba wanda ya yi kuka. Suka tsaya da kwanduna a hannu suna kallo. Da ruwa ya sauka, Jharna ta gangara matakalar tafkin, ta ɗebo da tafin hannu ta kai baki, alhali ta san abin da za ta ji. Ba ta tofar ba. Ta haɗiye.

Washegari karfasa da tarwaɗa suka taso ciki sama. Kainuwa ta yi rawaya, ayabar bakin tafki ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Maza suka taru suka toshe ɓarakar, aka kawo inji aka zuƙe ruwan, amma Jobbar ya sauka har ƙasan tafkin, ya laƙato lakar da yatsa ya ɗora a harshe, ya girgiza kai. Gishirin ya shiga ƙasa.

"Damina ba za ta wanke ba, Abba?"

"Ɗaya ba za ta wanke ba. Sai an tara an zubar, an tara an zubar. Biyu, ko uku. In bai sake shigowa ba."

"Zai sake?"

"Me zai hana shi? Ƙofa a buɗe take."

Ruwan da ake tarawa daga rufin ɗaki ya kai su ƙarshen damina, ya ɗan taɓa rani, ya ƙare. Daga nan aka koma tafkin wani ƙauye can gaba, tafiyar da in an fita da hantsi sai rana ta take ake dawowa. Mata na tafe a jere a kan ganuwar gari, kowace da tulu a ƙugu da wani a hannu. Ba a iya ɗaukar tulu biyu da yarinya. Don haka kullum Jharna na barin Tuni wajen tsohon da idonsa ya fara hazo, kunnensa ya fara nauyi. Takan ji ƙararrawar tana binta har bakin hanya, tana raguwa, tana raguwa, sai shiru. Duk abin da ta yi, ta yi ne don kada ta sake jin wannan shirun. Yanzu rabin wuni take yi a cikinsa.

Matan ba su yi mata gori ba, wannan ma wani nauyi ne. Sau ɗaya ne, ranar da zafi ya kai zafi, ƙafar Sokhina ta tsage tana jini, ta dire tulu ta ce, "Kai, Allah ya saka miki, 'yar tudu. Kin raba mu da macizai."

Jharna ta tsaya cak. Hawayen da ta riƙe tun ranar ɓaraka suka zubo.

"Bhabi, wallahi don yarinyar na yi."

"Wa ya ce don kanki kika yi? Share fuskarki, kada ki ƙara wa tulun gishiri, wanda muke da shi ya isa." Ta ɗauki tulunta, ta yi taku biyu, ta waiwayo. "Ranar da kika ce a sare, dariya na yi, ban ce miki kada ki yi ba. Mu da muka sani. Taho mu tafi."

Da damina ta sake zagayowa, 'ya'yan kewra suka fara zuwa a kan ruwa daga dajin ƙetare, korra-korra, suna maƙalewa a duk inda suka sami taɓo. A bakin gidan Gazi ba sa zama, babu abin da zai riƙe su, ruwan da ya kawo su shi ke mayar da su. Jharna ta lura da wani lungu can ƙasa da gari inda suka tsiro da yawa, ƙanana kamar yatsa. Ta je da ruwa ya sauka, ta ciro su da lakarsu, ta jero a kwando ta kawo. Ta tsaya gaban tsohon ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ya shafa ganyen ɗaya da yatsunsa. Ya tashi ya ɗauko sandarsa.

Ba ya iya shiga taɓo yanzu, sai ya zauna a saman ganuwa, Tuni a kan cinyarsa, yana ba da umarni. A kafa gora kusa da kowane, a ɗaure sako-sako. Kada a jera su kamar sojoji, a warwatsa. Rabinsu ruwa zai tafi da su, awaki za su ci rabin sauran, sai a sake dasawa.

"Sai yaushe za su iya tsare ganuwa, Abba?" Ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Lokacin da wannan za ta iya ɗaukar tulu." Ya dafa kan Tuni. "Ke za ki gani. Ni dai na ga na farko."

Ta dasa wani. Laka ta kai mata cinya.

"Macizai za su dawo," in ji shi.

"Na sani."

"Guza ma, in ta yafe mana."

Tuni ta zame daga cinyarsa, ƙararrawarta na ƙara, ta tsuguna a bakin ganuwa daidai inda ta tsuguna waccan safiyar, tana leƙen uwarta.

"Mama, me kike shukawa?"

Jharna ta buɗe baki za ta ce mata ta koma baya, sai ta fasa. Ta nuna mata kututturan da suka rage, baƙaƙe, ruwa ya cinye su saura kaɗan.

"Abin da ke nan da," ta ce.

Yarinyar ta dubi kututturan, ta dubi kogi. Ba ta tuna akwai wani abu a wurin ba. Can ƙasa ruwa ya fara juyowa, yana lasar taɓo yana matsowa, saura tsiro kusan rabin kwando. Jharna ta jawo kwandon kusa, ta ƙara sauri.